Hannu nawa wayarka take bi kafin dare ya yi?

Tun wahalar kuɗin nan ta farkon 2023, lokacin da aka canza fasalin naira takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, harkar Kano ta koma cikin waya kuma har yau bata fito ba. Mai shayi tiransifa, mai adaidaita sahu tiransifa, ɗan Kwari da zai tura dilolin atamfa Maiduguri a WhatsApp ake gama ciniki a turo masa hoton rasit ya sa yara su kai kaya tasha, matan aure kuwa masu sai da turaren wuta da mayafai da kayan kicin daga ɗaki su dama shagon nasu kaf a sitatos yake. Toh abin da yake damuna, wanda shi ya sa na zauna rubutun nan, har yanzu riƙon da muke wa waya irin na da ne, na lokacin da bata da aiki sai kira da jin waƙa da haska hanya in an ɗauke wuta. Kuɗinmu da sirrinmu da mutuncin iyalinmu sun koma ciki amma hankalinmu bai bi su ba.

Ka zauna ka lissafa tsakaninka da Allah, daga asuba zuwa dare hannu nawa wayarka take bi. Babu wuta, ka kai ta wajen mai caji a bakin layi ya manna mata lamba ya jera ta cikin 'yan uwanta, sai bayan la'asar ka koma. Da yamma ƙaninka ya karɓa ya kai wajen mai turi a zuba masa fassarar Indiya. Sikirin ya fashe ka shiga Farm Centre ko Beirut, mai gyara ya ce oga cire min fasuwod in gwada taci, ka cire ka ce bari in yi sallah in dawo. A wajen mai POS netwok ya ƙi, ka miƙa masa wayar ɗungurungum ka ce duba min ko ta tafi. A gida kuma yara na jira su buga gem. Ni ban ce mutanen nan ɓarayi bane, wallahi mafi yawansu bayin Allah ne masu neman halaliyarsu, wasu ma sun fi mu tsoron haƙƙin mutane. Abin da nake cewa shi ne duk hannun da waya ta shiga a buɗe akwai abin da zai iya shiga cikinta akwai kuma abin da zai iya fita, wani lokacin shi kansa mai hannun bai sani ba.

Abin da ke shiga ɗin mu dai duk bairos muke ce masa, amma kala-kala ne. Manhaja ce irin kowace manhaja, mutum ne ya zauna ya rubuta ta, sai dai shi don cuta ya rubuta. Akwai wadda take manne wa fayil ta jira ranar da zaka buɗe, akwai wadda bata jiran kowa da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta in dai netwok ya haɗa su, akwai mai laɓewa tana kwashe duk abin da ka rubuta har fin ɗin banki, akwai mai cika maka sikirin da talla wayar tai ta zafi caji na zuƙewa data na tafiya baka san inda take zuwa ba, akwai kuma mai garkuwa da fayilolinka ta kulle su ta ce sai an biya kuɗin fansa. Amma wadda tafi cin mutanenmu a waya ita ce turojan, mai shigowa da rigar abin arziki, wadda kai da hannunka zaka saka ta kana murna ka samu abin banza.

Misali mafi kusa shi ne GB WhatsApp da ire-irensa. Na san me yasa ake sonsu, ka ga saƙon da aka goge, ka sauke sitatos ɗin mutum, ka karanta saƙo ba a san ka karanta ba. Amma ɗan uwa ka taɓa tambayar kanka waye ya haɗa shi? Ba kamfanin WhatsApp bane, shi ya sa ma babu shi a Play Store, kuma kamfanin kan toshe layin da ya kama yana amfani da shi. Wani ne can da babu wanda ya san sunansa ya ɗauki manhajar ya farke ta ya ƙara abin da ya ga dama ya mayar ya ɗinke, wani ya ɗauko daga wajensa ya ƙara nasa, sannan ta biyo ta Xender daga wayar aboki zuwa ta aboki har ta iso gareka, kai kuma ka zuba mata hirarka da matarka da hotunan 'ya'yanka da lambar akawun ɗin kwastomominka. Haka manhajojin kallon ƙwallo kyauta, da gem ɗin da aka ce an buɗe komai na ciki ba sai ka biya ba, da masu cewa zasu baka data kyauta. Banza bata kai zomo kasuwa, wanda ya ɓata lokacinsa ya haɗa abin nan yana da inda yake fanshewa.

Wayar Android kanta tana gargaɗi, in zaka saka manhajar da ba daga Play Store ta fito ba sai ta tsaya ta tambaye ka, mu kuma har mun haddace inda ake dannawa a wuce ba tare da an karanta ba. Ban ce duk abin da ke Play Store tsarkakakke bane, ana kama miyagu a can ma a cire su, amma can akwai masu tantancewa, kuma akwai Play Protect da yake zagayawa yana duba abin da ke wayar, ka shiga ka tabbatar a kunne yake.

Sai maganar izini, kuma nan nake so a tsaya a nutsu don nan ne ainihin wajen. Yawanci manhaja ko ta shiga wayarka bata iya taɓa komai sai abin da ka bata dama. Ita ce zata tambaya: in karanta saƙonninka? in ga lambobin mutanenka? in kunna kyamara? in ji magana? Toh manhajar tocila me ya haɗa ta da saƙonninka, manhajar gyaran hoto me zata yi da lambobin mutanenka. Saƙon tes fa nan ne banki ke turo OTP, duk manhajar da ka ba damar karanta saƙo ka bata damar ganin lambar da ake cire kuɗinka da ita. Akwai kuma wani izini da yafi kowanne haɗari, wanda asali an yi shi ne don taimakon makafi da masu lalurar hannu, yana ba manhaja damar ganin duk abin da ke kan sikirin ta kuma danna wuri da kanta, miyagun manhajojin da ke harin asusun banki shi suke fara roƙo, in ka basu shikenan suna iya shimfiɗa shafin bogi a kan manhajar bankinka ka rubuta fin kana zaton wa banki ka rubuta. Yau da daddare in ka samu sarari ka shiga setin, wajen izinin manhajoji, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, wadda baka san lokacin da ta shigo ba ka goge, wadda ta karɓi abin da ba ruwanta da shi ka ƙwace.

Wanda yake ganin wasa ne ya tambayi waɗanda suka ci bashin manhajojin nan na rance. Da izinin ganin lambobi suka dinga tura wa surukai da abokan aikin mutum saƙo ana kiransa ɓarawo a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, har sai da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta fara kai musu samame a 2022, Google ma a 2023 ta hana manhajojin rance na Play Store leƙa lambobi da hotunan mutane. Amma waɗanda ake turowa ta linki a WhatsApp wa zai hana su?

Ɓangaren kwamfuta kuma 'yan makaranta sun fi kowa sanin zafinsa. Ka kai filashi shagon firintin a bakin BUK ko wani kafe a fitar maka da furojet, ka dawo gida ka soka a laftof sai ka ga duk foldojinka sun koma shotkot masu 'yar kibiya a gefe. Abin da ya faru shi ne bairos ɗin ya ɓoye foldojin na gaskiya ya ajiye na bogi masu sunansu, kana danna na bogin shi kake tayarwa ya shiga laftof ɗinka ya zauna yana jiran filashi na gaba. Yawanci fayilolin suna nan ba a goge su ba, ɓoye su aka yi, don haka kar ka yi saurin fomatin, a fara sikanin a kashe shi sannan a fito da ɓoyayyun fayil. Wanda yafi sauƙi ma ka daina kai filashi, ka tura takardar ta imel ko WhatsApp a matsayin PDF. Kar kuma a raina filashi, wata muguwar manhaja mai suna Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz, wajen da aka raba shi da intanet gaba ɗaya saboda tsaro, ta filashi aka tsara ta ta dinga yaɗuwa.

Na san akwai masu jin haushin saƙon ofdet, data tayi tsada kuma gaskiyarsu ne, sai a danna anjima, gobe ma anjima, har shekara. Bari in gaya muku abin da ya faru a watan Mayun 2017. Wata manhajar garkuwa mai suna WannaCry ta ɓarke, cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayil tana neman dala 300 na Bitcoin, a Ingila sai da asibitocin gwamnati suka dinga mayar da marasa lafiya gida ana soke tiyata saboda likita baya iya buɗe fayil ɗin majinyaci. Abin baƙin cikin, kafar da ta bi ta shiga Windows tun watan Maris na shekarar Microsoft ta fitar da gyaranta, wata biyu kenan, waɗanda suka yi ofdet ta zo ta wuce su. Ofdet yaɓen katanga ne kafin damina, mai gida ya ga tsaga ya aiko maka da ƙasa da magini kyauta kai kuma kana cewa a bari sai anjima. Kuma daga ranar da aka sanar da gyara ɓarayi ma sun ji inda tsagar take. Yanzu ka shiga shagunanmu da ƙananan makarantu da kemis-kemis ka ga yadda Windows 7 take aiki har yau, alhali tun Janairun 2020 aka daina mata gyaran tsaro, Windows 10 ma Oktoban 2025 ne wa'adinta, ga kuma kirak ɗin manhajoji, wato na sata da aka fasa don kar a biya, da ake zubawa a laftof tun a kasuwa, wanda kafin a saka shi sai an ce ka kashe anti-bairos tukuna. Duk abin da sharaɗin shigarsa shi ne ka kashe mai gadi ai ya gaya maka ko shi waye. Anti-bairos ɗin da ke zuwa cikin Windows ɗin yanzu, Defender, ya ishi yawancinmu in dai an bar shi a kunne yana sabunta kansa.

Maganin mai garkuwa da fayil ɗaya ne, ya zama kana da kwafi a wani wajen. Littafin bashin shago, furojet, takardun fili da ka ɗauka a hoto, hotunan mahaifan da suka rasu, a ajiye a Google Drive ko a wani hadis (hard disk) na daban wanda ba kullum yake soke a jikin kwamfutar ba, don in yana soke tare za a kulle su. Biyan fansa kuwa babu tabbas ɗin za a buɗe maka.

Akwai manyan manhajojin leƙen asiri irin Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda a 2019 WhatsApp ta ce an hari mutum kusan 1,400 da ita ta hanyar kira kawai ko ba a ɗaga ba. Wannan gwamnatoci ake sayar wa kuma 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka ake bi da ita, ba ita bace damuwar mai shago a kasuwar Singa. Leƙen asirin da yafi kusa da mu na cikin gida ne, saurayi ya karɓi wayar budurwa minti biyu ya haɗa WhatsApp ɗinta da kwamfutarsa, ko miji ya sa a dasa wa matarsa manhajar bibiya. Ni a ganina wannan cin amana ne ko da sunan kishi aka yi shi, kuma addini ya hana bin diddigin sirrin mutane. 'Yar uwa ki shiga WhatsApp ɗinki wajen na'urorin da aka haɗa, in kin ga wata kwamfuta da baki sani ba ki fitar da ita.

Duk da haka in zamu faɗi gaskiya, yawancin kuɗin da ake kwashe wa mutane a garin nan ba a bukatar wata manhaja, baki ne kawai da sanin halinmu. Waya zata yi ƙara, murya mai ladabi, wani lokacin da Hausa tsantsa:

"Salamu alaikum, Alhaji barka da rana. Daga babban ofishin bankinku nake kira. BVN ɗinka ne bai dace da NIN ba, in ba a gyara yau ba ƙarfe huɗu za a rufe asusun."

Sai ya faɗi cikakken sunanka har da na kaka, ya faɗi ranar haihuwarka, kai kuma ka ce lallai daga banki ne tunda ya san wannan. Alhali bayanan nan suna yawo ko'ina, fom nawa muka cike na neman tallafi da neman aiki, fotokwafin NIN nawa muka bari a shagunan mutane, wani har a takardar ƙunshin ƙosai zaka tsinci na wani. Daga nan sai ya ce Alhaji ɗauko katinka ka karanto min lambobin gaba, da uku na baya, yanzu za a turo maka wata lamba ka karanto min da sauri kafin ta mutu. Saurin nan shi ne makaminsa, baya so ka samu minti ɗaya ka yi tunani ko ka tambayi ɗanka. Banki baya kiran mutum ya tambayi fin ko OTP ko lambobin bayan kati, ko ma'aikacin da ke zaune a kanta bashi da hurumin tambayarka su. Ka kashe wayar kawai, ba rashin kunya bane, in hankalinka bai kwanta ba ka taka da ƙafarka zuwa reshe.

Linkin da ake watsawa a guruf ma haka, tallafin gwamnati na dubu hamsin, kujerar Makka kyauta, ɗaukar ma'aikata, data giga goma ta murnar cikar kamfani shekaru kaza, ka tura wa guruf biyar kafin ka karɓa. Duk wanda ya ce sai ka tura wa wasu kafin a baka ƙarya ne. Ka duba adireshin shafin da kyau, na gwamnatin Najeriya da gov.ng yake ƙarewa, na bogi kuma zaka ga an ƙara harafi ko an jera wasu kalmomi barkatai. Ɗan kwaɗon nan da ke fitowa a gefen adireshi shi ma ba shedar gaskiya bane, 'yan damfara suna saka shi a nasu. Don Allah mu daina cewa na tura ne ko Allah zai sa wani ya dace, in wani ya faɗa ta dalilinka kana da kamasho a ciki.

Wata baiwar Allah a layinmu mai sai da mayafai, ana gab da magariba tana tsakiyar girki aka kira ta. "Hajiya ina wuni, daga guruf ɗin 'yan ajinku ne, za a yi taro ta waya bayan isha'i kan bikin 'yar ɗaya daga cikinku, na turo miki lamba shida ki karanto min in saka sunanki." Tana cikin guruf ɗin da gaske, ana maganar biki da gaske, hannunta ɗaya riƙe da ludayi ta duba saƙo ta karanta masa. Lambar nan ita ce wadda WhatsApp ke turowa in za a buɗe layinka a sabuwar waya. Kafin ta sauke tukunya an fitar da ita daga akawun ɗinta, kafin isha'i saƙo ya zagaye dangi da hotonta da sunanta: "Yaya don Allah ranta min dubu talatin, asusuna ya samu matsala, tura ta wannan akawun ɗin gobe da safe zan mayar." Yayanta ya kira ta kafin ya tura shi ya tsira, gwaggonta kuwa da ta ji kunyar tambaya ta tura, kwastomomi biyu ma suka biya kuɗin mayafan da babu su. Kuɗin da sauƙi a kan kwanakin da ta yi tana bin mutane tana rantsuwa ba ita bace.

Abin da zai hana wannan baya cin minti uku. A setin ɗin WhatsApp, wajen akawun, akwai tabbatarwa mai mataki biyu, ka ƙirƙiri fin naka na kanka mai lamba shida ka saka imel, ko an yaudare ka an karɓi lambar tes sai an nemi wannan fin ɗin. Facebook da Gmail da Instagram da TikTok duk suna da irinsa. In kuma an riga an ƙwace, ka sake saka layinka a WhatsApp a turo maka sabuwar lamba, kana shigar da ita an fitar da ɓarawon, sai dai in ya riga ya saka nasa fin ɗin zaka iya jiran kwana bakwai, a tsakanin nan ka sa 'yan uwa su yi shela a duk guruf ɗin da kake. Mu kuma da ake turo wa saƙon rance, ko daga wa ya fito, a kira a ji murya tukuna.

Fasuwod kuma, shekarar haihuwa da lambar waya da 123456 da sunan ɗan fari duk ba fasuwod bane. Wanda yafi muni shi ne guda ɗaya a ko'ina, ranar da wani ƙaramin shafi da ka taɓa rijista ya zubar da bayanansa sai a ɗauka a gwada a imel ɗinka, imel kuwa shi ne uwa, da shi ake canza na sauran. A 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka fasuwod ɗaya ne na wani tsohon akawun marar mataki na biyu ya fita, aka shiga aka tsayar musu da aiki har gidajen mai suka ƙafe a jihohi da dama, suka biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da basu da alaƙa da juna ka sa lamba a tsakani, tsawo yafi ƙwalisa amfani. In kana tsoron mantuwa ka rubuta a littafi ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, ba a bayan kondon waya ba. Wanda kuma a kafe aka buɗe masa imel ko Facebook lokacin rijistar JAMB, har yau fasuwod ɗin da yaron kafe ya zaɓa yake amfani da shi, ya canza yau.

Iyayenmu su suka fi bani tausayi a harkar nan. An buɗe musu asusu dole, an basu kati, fin ɗin a takarda yake naɗe tare da katin, a wajen POS da baki suke faɗarsa a gaban layi. In an cuce su kuma sai su yi shiru saboda kar 'ya'ya su ce Baba ai mun gaya maka, ko a yi musu dariya a majalisa, shirun nan kuwa shi ke ba ɗan damfara damar dawowa karo na biyu ya ce zai taimaka a dawo da kuɗin farko. Wanda aka damfara ba wawa bane, mutanen nan sana'arsu kenan dare da rana, sun ci farfesoshi sun ci ma'aikatan banki. Ka zauna da Hajiya da Baba cikin ladabi ka saita musu wayar da hannunka, ku yi yarjejeniya ɗaya mai sauƙi: duk wanda ya kira ya ambaci banki ko lamba ko kati, su ce ɗana zai kira ka, su kashe. Ka rage musu iyakar kuɗin da za a iya fitarwa a rana, asusun ajiya kuma a raba shi da na cefane.

Sai ƙwacen waya, wanda babu ɗan Kano da za a yi wa bayaninsa, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Da farko in an tare ka da makami ka bayar, babu wayar da ta kai ranka. Amma ka sani sau da yawa layin yafi wayar daraja a wajensu, za a zare sim a saka a 'yar ƙaramar waya, da USSD, lambobin nan masu * da # da ake dannawa, a gano bankinka a sayi kati a gwada tiransifa, wani har bashi za a ci da sunanka, duk kulle sikirin ɗin da ka yi da zanen yatsa bai shafi sim ba. Sim yana da nasa fin ɗin daban, a setin wajen tsaro ake kunna shi, in an kunna duk wayar da aka saka shi sai ta tambaya, an yi kuskure sau uku ya kulle sai da PUK, wato lambar buɗe sim, wanda ke rubuce a jikin katin da ka ɓallo sim ɗin daga ciki. Ka nemo katin nan kafin ka fara, kuma kar ka yi ta cankar fin ɗin farko, ka tambayi kamfanin layinka. In zaka ba da gyara ko caji ka zare sim da memori ka tafi da su, in dole sai an buɗe wayar ka tsaya a wajen. Saƙon tes kuma ka hana shi bayyana a kan sikirin in waya na kulle.

Tun yau ka rubuta abu uku a takarda ka ajiye a gida: lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka, da zaka gani in ka danna *#06#, lambar kula da kwastoma ta bankinka, da gajeriyar lambar da bankin ya ware don toshe asusu daga kowace waya, kowane banki da tasa, ka tambaya a reshe. Ranar da abin ya faru, Allah Ya kiyaye, banki ake fara toshewa kafin komai ko da wayar mai shagon kusa ce, sannan kamfanin layi su rufe sim, sannan ka shiga akawun ɗinka na Google daga wata wayar ka ba da umarnin goge komai, sai rahoto wajen 'yan sanda, sai walkam bak, wato dawo da layinka a sabon sim, da NIN ɗinka. In kuɗi sun riga sun fita ka shigar da ƙorafi a rubuce a banki a ranar ka karɓi lambar ƙorafin, don da wuri ne ake iya riƙe su a asusun da suka faɗa kafin a kwashe, ka ajiye hoton alat da lambar da ta kira ka da lambar akawun ɗin da aka tura wa, in bankin ya ja ƙafa CBN na da sashen kare haƙƙin kwastoma, EFCC ma tana da ofis a nan Kano.